Cokalin da na ɗauko a Jidda

A satina na biyu a wurin aiki, wani gidan kula da masu raunin fahimta, saura ƙiris in karya wa wani bawan Allah haƙori. Farfaɗiya ce ta tasar masa bayan la'asar, ni kuwa na ruga kicin na ɗauko cokali zan danna masa a baki, yadda na ga ana yi tun ina yaro a Kurna. Wani dattijo abokin aikina, Bahaushe haifaffen Makka, cikin waɗanda ake kira Takari, ya riƙe min hannu.

"Yaro, ajiye wannan. Dubi agogo."

Ya janye kujerun da ke kusa, ya sa matashi ƙarƙashin kan mutumin, da jijjigar ta lafa ya kwantar da shi ta gefe. Minti 2 ta ɗauka. Ya ce da ta wuce minti 5, sai mu kira 997, motar asibiti. Na ce, "Baba, ba zai haɗiye harshensa ba?" Ya ce ba a haɗiye harshe, cokalin ne ke yin ɓarna. Sannan ya miƙo min littafi ya ce in rubuta.

Rubutun nan shi ya fi gajiyar da ni a wannan ƙasa, fiye da gumin Jidda, fiye da jiran fitowar iƙama, wato takardar izinin zama. Gidan na manya ne masu raunin fahimta, maza zalla, domin ɓangaren mata daban yake. Wasunsu sun haura shekara 40. Wane ya ci abinci ko ya ƙi, a rubuta. Wane ba ya iya tauna, a markaɗa masa don kada ya shaƙe, kuma a zaune zai ci. Ruwan wanka sai ka taɓa da hannunka tukuna, saboda da rani tankin da ke saman bene kan tafasa shi ba tare da hita ba. Kabad ɗin magani a kulle. Ko ƙurjewa aka gani a gwiwar mutum, sai an faɗi inda ya samo ta. Ma'aikatar da ke kula da ƙwadago da walwalar jama'a ce ke ba irin gidajen nan lasisi, 'yan Difa'ul Madani kuma, wato jami'an kashe gobara da ceto, su ke duba tukwanen kashe gobara da ƙofar gudu. A 2018 har hukuma guda aka kafa don masu buƙata ta musamman.

Da farko na ɗauka tsabar fi'ili ne. Daga baya na lura yawancin mutanen nan ba za su iya cewa wane ya buge ni ba, littafin ne bakinsu. Ba wai ya isa ba ne. Da dare mu kan yi kaɗan, kuma na ga wanda ya cike shafi tsaf alhali bai leƙa ɗakin ba. Mai ƙaramin albashi da ya yi awa 12 a tsaye, haƙurinsa kan ƙare kafin asuba.

Abin da ban gaya wa kowa a nan ba, ina da yaya irinsu a gida. Unguwa na ce masa dolo. In Inna za ta fita sai ta kulle shi a ɗaki da kwaɗo, don tsoron titi da jifan yara, ba don ƙiyayya ba. Da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa a 2019, Inna gode wa Allah ta yi da ba ta bi shawarar masu cewa a kai shi irin wurin ba. Ni kwaɗon ne ya fara damuna, ranar da aka yi mana atisayen gobara.

Ranar Juma'a na kira ta a WhatsApp. Na ce, "Inna, don Allah a riƙa barin makullin wajen maƙwabta, kuma in abin ya tasar wa Yaya kada a sa masa komai a baki." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ka je Saudiyya ka zama likita." Na ji Yaya daga tsakar gida yana tambaya ko zan taho masa da dabino.