Jama'a kafin jiragen yaƙi: inda na kai a Master of Orion II

'Yan'uwa masu koyon wasannin kafa daula a sararin samaniya, ga inda aka kwana a nawa ɓangaren. Har yanzu ina kan Master of Orion II, sai dai na bar matakin tsakiya na hau wanda wasan ke kira Hard, kuma na ajiye ƙabilar Psilon da na fara koyo da ita. Waɗannan sauye-sauye biyu ne suka sa na fara ganin yadda cikin wasan yake aiki.

Ga wanda ya shigo cikinmu kwanan nan: kamfanin Simtex na Steve Barcia, a birnin Austin na jihar Texas, shi ya ƙirƙiri wasan, MicroProse kuma ya fitar da shi a 1996, shekara uku bayan na farkon. A kan na farkon ne marubuci Alan Emrich ya raɗa wa irin waɗannan wasanni suna 4X a mujallar Computer Gaming World a 1993: ka leƙa taurari, ka faɗaɗa ƙasa, ka ci moriyar arzikinta, ka kawar da abokan hamayya. Wasu suna tambayata me ya sa ban koma Endless Space 2 ko Galactic Civilizations ba, tunda sun fi kyan gani. Tsohuwar kwamfutata ce amsar. Wannan wasa yana tafiya cikin DOSBox, manhajar da ke kunna tsofaffin wasannin kwamfuta, ba tare da injin ya yi zafi ba, ba ya cin data, kuma babu abin da ke motsi sai ka danna maɓallin ƙare zagaye. In wuta ta ɗauke, ka adana ka rufe. Stellaris, wanda Paradox ya fitar a 2016, wani abu ne daban. Agogonsa tafiya yake yi sai ka tsayar da shi, don haka ba na sa shi a wannan layi.

Psilon suna lalata mai koyo. A wasan akwai fannonin bincike 8, kuma a yawancin matakai ana ajiye maka fasaha biyu ko uku a ce ka ɗauki ɗaya, sauran sun tafi ke nan sai dai ka samo su ta musaya, ko leƙen asiri, ko cin ƙasar wani da yaƙi. Su Psilon duka suke kwashewa. Saboda haka wanda ya daɗe da su bai taɓa zama ya tambayi kansa me daularsa ta fi buƙata ba. A wannan karon na haɗa tawa ƙabilar. Ana ba ka maki 10, kana iya ƙara wasu har 10 in ka yarda ka ɗauki nakasu. Na ɗauki tsarin mulkin Unification, mai ƙara rabi a kan noma da aikin masana'anta, na haɗa da zama a ƙarƙashin ƙasa, wanda ke sa kowace duniya ta ɗauki jama'a fiye da yadda ta saba. Akwai nakasun da ke sa sauran ƙabilu su ƙyamace ka, kuma yana ba da maki da yawa, gwanaye ma suna son sa. Ni na ƙi shi, domin yana rufe ƙofar yarjejeniya da musayar fasaha, wanda kuwa ya rabu da Psilon yana buƙatar wannan ƙofa a buɗe.

Abin da na fahimta tun da na yi wannan sauyi shi ne komai a wasan daga kan jama'a yake fitowa. A allon kowace duniya za ka ga 'yan mutum-mutumi a jere, kowane ɗaya yana wakiltar mutum miliyan ɗaya, kana ja ka ajiye shi a layin manoma, ko na ma'aikata, ko na masana. Masani ɗaya yana kawo makin bincike 3. Ma'aikaci yana kawo 3 a duniya mai matsakaicin ma'adini, 5 a mai arziki, 8 a wadda ta fi kowace arziki, 1 tak a mafi talauci. Kowannensu yana biyan harajin BC ɗaya (BC shi ne kuɗin wasan) a zagaye, kuma kowannensu yana cin abinci ɗaya. Hatta ƙuri'ar majalisar taurari, inda dauloli ke zaɓen shugaban kowa, da yawan jama'a ake auna ta. Gine-ginen da muke rububin yi, yawancinsu ninka abin da mutum ɗaya ke samarwa suke yi: masana'anta mai sarrafa kanta tana ba da 5 a tsaye sannan ta ƙara 1 a kan kowane ma'aikaci, ɗakin bincike ma haka yake ga masana. Duniyar da ba kowa a cikinta, ko ka cika ta da gini, kuɗin kula kawai take ci.

To ta yaya ake samun mutanen? Nan ne na fi ɓata lokaci, kuma nan na fi jin daɗi.

Haihuwa a wasan ta fi sauri lokacin da duniya ta kai rabin abin da za ta iya ɗauka. In ta kusa cika, sai ta yi sanyi ƙwarai. Ke nan babbar duniyarka ta asali, wadda ka fara da ita, ita ce ta fi kowace rashin haihuwa da zarar ta tumbatsa. Maganin yana cikin jerin abubuwan da ake ginawa, wani zaɓi da da yawa muke tsallakewa: gina gidaje. Idan ka sa duniya a kan gina gidaje, duk ƙarfin masana'antarta yana komawa ƙarin haihuwa, kuma ana raba wannan ƙari ne da yawan mutanen da ke wurin. Mutum ɗaya a wurin, ƙarin ya yi yawa. Mutum goma, ya narke. Don haka sai ka nemi ƙaramar duniya, in da hali mai ma'adini, ka kafa mata masana'anta mai sarrafa kanta, ka bar ma'aikaci ɗaya rak, ka sa ta a kan gidaje. Duk lokacin da mutum na biyu ya fito, ka ɗauke shi ka kai inda ake buƙata. Kamar mai renon irin tumatir ne a kwami: ba a nan zai yi 'ya'ya ba, da ya tasa sai a cire a kai gona. Ina da irin waɗannan duniyoyi a taurarin da ke kusa da gida, su ne suke cika mini manyan duniyoyin da na kafa daga baya, waɗanda in an bar su da kansu sai wasa ya yi nisa kafin su amfanu.

Wannan dabara ta fi armashi in duniyoyin suna kewaya tauraro ɗaya, domin a nan mutum yana isa nan take. Kuma kafa mazauni a tauraron da kake ciki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: sansanin mazauni makin masana'anta 200 yake ci, jirgin kafa mazauni kuwa 500. Kafin in gina jirgi ko ɗaya yanzu, sai na cike duk wata duniya da ke tauraron gida, ko da busasshiya ce.

Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowane sabon baki abinci yake nema, kuma ba kowace duniya ake noma a cikinta ba. Mai guba, mai tururin nukiliya da busasshiya ba sa fitar da ko ƙwaya. Hamada da ƙanƙara suna ba manomi 1, mai teku da mai fadama da irin tamu suna ba da 2, wadda ake kira Gaia tana ba da 3. Abincin da ya yi rara a wata duniya ba ya tashi da kansa ya je wata, sai da jiragen dako. Ana gina su biyar-biyar a kan 50, kowane jirgi yana ɗaukar abinci ɗaya, ɗaukar mutum ɗaya zuwa wani tauraro kuma yana riƙe jirgi biyar har ya sauka. Wanda ya tura mutane uku a lokaci guda bai duba ba, zai iya janye jiragen da ke kai wa wata duniya abinci, ya wayi gari ana yunwa a can. Shi ya sa a kowane zagaye idona yana kan lambobi biyu a gefen allo kafin komai: rarar abinci da rarar jiragen dako. In abokin gaba ya yi wa tauraronka ƙawanya, dakon abinci ya tsaya, wannan ma dalili ne na kada ka tara duk nomanka a wuri ɗaya mai nisa.

Da wannan ido nake zaɓen fasaha yanzu, kuma zaɓin ya daina ba ni wahala kamar da. A matakin farko na ilimin halittu ana ba ka gonar da ba ta buƙatar ƙasa, mai ba da abinci 2, ko kuma rumfunan zama masu ƙara wa duniya gurbin mutum 2. Tunda mulkina yana ƙara noma, rumfunan na ɗauka. A mataki na gaba akwai inganta ƙasar noma, mai ƙara 1 ga kowane manomi, da cibiyar kwafin halitta mai ƙara haihuwa. A ganina inganta ƙasa ya fi, domin gidaje sun riga sun ɗauke mini nauyin haihuwa, kowane manomi da na rage kuma ya zama masani. Na san akwai masu ganin akasin haka, kuma ga ƙabila irin Silicoid, da ba ta cin abinci sam, maganar ma ba ta taso ba.

Ɗakin bincike yana mataki ɗaya da wata kwamfutar saiti ta jiragen yaƙi. Ba wanda zai bar ɗakin bincike. Amma sakamakon shi ne bindigogin haskenka za su riƙa kuskure, don haka jiragena na farko duk makamai masu linzami na ɗora musu, tunda su ba ruwansu da kwamfutar saiti. Sai kuma ka iso ilimin sinadarai a ce ka zaɓa tsakanin makami mai linzami na Merculite da injin tace gurɓata. Nan na daɗe ina kallon allo. Gurɓata tana cin wani kaso na abin da ma'aikata suka samar, kuma tana ƙaruwa ne daidai lokacin da jama'arka suka yi yawa. Injin na ɗauka, na ci gaba da tsofaffin makamai, daga baya na sayi Merculite a wajen wata ƙabila da musayar wata fasahar da ba ta cutar da ni. Haka ma sulken Tritanium da man Deuterium suke mataki guda. Man farko yana kai jirgi nisan fasek 4 (ma'aunin nisa tsakanin taurari), Deuterium yana kai shi 6. In taswira ta matse ka, man za ka ɗauka. In akwai inda za ka dasa ƙaramin zango, jirginsa 100 ne kawai kuma yana tura iyakarka gaba, sai ka riƙe sulken.

Batun rundunar yaƙi ba zan ja shi ba. Kowane jirgi yana cin makin umarni gwargwadon girmansa, daga 1 ga mafi ƙanƙanta har 6 ga mafi girma, kuma duk maki ɗaya da ka haura kana biyan BC 10 a kowane zagaye. Tashoshin sararin samaniya da kake ginawa a kan duniyoyinka su ke ƙara maka makin. Ashe ko girman rundunar ma a hannun yawan duniyoyi masu ƙarfin gini yake. A matakin Hard maƙwabta suna shinshinar rauni, don haka ina riƙe 'yan jirage da sansanin makamai masu linzami a bakin iyaka, ba don in ci kowa ba, don dai a bar ni in yi renon jama'ata. 'Yan Antares kuwa, masu faɗowa ba sallama su ragargaza duniya su ɓace, ana iya kashe zuwansu tun wajen shirya wasa. Ban kashe ba. Harinsu na farko ƙanana ne, suna girma a hankali, kuma su ne suke hana mutum yin barci a kan tattalin arziki.

Akwai wata hanyar samun jama'a da na fara ɗanɗanawa a wannan wasa: cin duniyar wani da sojan ƙasa maimakon yi mata ruwan bama-bamai. Mutanen da ka ci suna riƙe baiwar ƙabilarsu. In ka kama duniyar Psilon, ka sami masanan da suka fi naka. In ta Sakkra ce, ka sami masu saurin haihuwa. Illar ita ce a ƙarƙashin Unification baƙi suna daɗewa ƙwarai kafin su saje, kafin nan kuma aikinsu bai cika ba, tawaye ma yana iya tashi in ba ka bar soja ba. Mai mulkin dimokuraɗiyya ya fi ni sauƙi a nan.

Yanzu dai daulata ta zarce kowace a yawan jama'a, majalisa ta fara sa ni cikin 'yan takara biyu, amma nasara a can sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, ban kai ba tukuna. Hanyoyin gamawa uku ne: a zaɓe ka, ko ka share kowa, ko ka gina ƙofar shiga duniyar Antares ka murƙushe su a gidansu. Ta majalisa nake bi, domin ita ta dace da yadda na gina ƙasar. Tauraron Orion yana nan da mai gadinsa, ban taɓa shi ba. Sai na sami manyan jirage da sulke mai kauri, tunda wanda ya kashe mai gadin yana samun fasahohin da ba a bincikowa da kuma wani jagoran yaƙi mai suna Loknar da jirginsa.

Wanda yake son gwada abin gidajen nan, ya buɗe sabon wasa a ƙaramar taswira da abokan hamayya biyu, ya kafa sansanin mazauni a tauraron gida da wuri, ya adana wasan a nan. Ya buga zagaye 50 da gidaje a ƙaramar duniyar, ya rubuta jimillar jama'arsa, sannan ya koma inda ya adana ya sake buga 50 ɗin ba tare da su ba. Ku turo lambobin biyu tare da sunan ƙabilar da kuka yi amfani da ita, mu jera su mu gani.