Asabar: Gidan Rognvald da 'Ya'yan da Aka Raina

Tun asuba ake tsuga ruwa, kasuwa ba ta ciwu ba, sai na zauna a zaure da fallen takarda ina zana salsalar wani gida na mutanen Norwe da ya daɗe yana cin raina. Kawu ya fake wajena da carbinsa. Da ya ga layuka sun cika takarda ya ce, "Kai ɗan nan, gadon wa kake rabawa?" Na ce, "Kawu, na Turawa ne, kuma masu shi sun shekara dubu a ƙasa."

Uban gidan shi ne Rognvald, hakimin yankin More a gaɓar yammacin Norwe a ƙarni na 9, aminin Sarki Harald mai kyan gashi. Labaran da mutanen Ayislan suka rubuta sun ce sarkin ya yi rantsuwa ba zai yi aski ba sai ya haɗe ƙasar a hannunsa, kuma Rognvald ne ya aske shi bayan shekara goma. Ivar ɗan Rognvald ya mutu a wani yaƙin sarki, aka ba uban tsibiran Orkney da Shetland na arewacin Sikotlan a madadin diyya. Shi kuwa ya miƙa wa ɗan'uwansa Sigurd. Mutuwar Sigurd ɗin nan abin dariya ce da ban tausayi: ya sare kan abokin gaba ya rataye a sirdi, haƙorin mamacin ya ƙarce masa ƙafa, ciwo ya ruɓe, shi ke nan.

Inda na fi daɗewa shi ne kan Einar, wani ɗan Rognvald. An tura ɗan'uwansa, Hallad, ya riƙe tsibiran, 'yan fashin teku suka fi ƙarfinsa, ya ajiye sarautar ya gudo gida. Sai Einar ya ce a tura shi. Dogo ne, mummuna, ido ɗaya, uwarsa baiwa. Uban ya ce masa, a taƙaice, ba ya sa ran wani abin kirki daga jinin bayi, in ya tafi bai dawo ba ma ya fi masa. Jirgi guda aka ba shi. To wannan Einar ɗin shi ya kama tsibiran, kuma da 'ya'yan Sarki Harald suka ƙone Rognvald a cikin gidansa, shi ya ɗaukar wa uban fansa, ya kashe ɗan sarki Halfdan. Daga tsatsonsa hakiman Orkney suka fito har ƙarnuka: Sigurd mai jiki da ya faɗi a yaƙin Clontarf kusa da Dublin a 1014, ɗansa Thorfinn, har zuwa Magnus wanda aka fara gina babbar majami'ar Kirkwall, babban garin Orkney, da sunansa a 1137. Kawu ya gyaɗa kai ya ce wannan ba baƙon abu ba ne, sau nawa ɗan ƙwarƙwara ya hau gadon sarauta 'ya'yan matan aure suna kallo.

Bayan azahar na koma kan ɗaya ɗan, Hrolf, wanda aka ce don girman jiki babu dokin da ke iya ɗaukarsa, ko'ina a ƙasa yake zuwa. Sarki ya kore shi daga Norwe saboda ya kai hari a cikin ƙasar sarkin. Mutanen Ayislan sun ce shi ne Rollo, wanda a 911 Sarkin Faransa Charles ya ba shi birnin Rouen da kewayensa don ya tare wa ƙasar sauran 'yan'uwansa mahara. Nan ne Normandi. Daga shi sai William mai dogon takobi da aka kashe a 942, sai Richard na Ɗaya, Richard na Biyu, sai Robert da ya rasu a 1035 yana hanyar dawowa daga ziyarar Ƙudus, sai William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Shi ma William ɗin ba a ɗaura wa iyayensa aure ba, ana cewa uwarsa Herleva 'yar majemi ce daga Falaise, kuma an yi ta yi masa gori da hakan. Gidan sarautar Birtaniya na yau yana ƙirga shi cikin kakanni.

Akwai kuma Emma, 'yar Richard na Ɗaya, wadda sau da yawa ake tsallake ta a lissafi alhali ita ce igiyar da ta ɗaure komai. Ta auri Sarkin Ingila Ethelred a 1002, bayansa ta auri Knut mutumin Denmak da ya ƙwace ƙasar, ta haifa wa kowannensu ɗan da ya yi sarki. Ta wajenta William ya samu zumuncin da ya riƙe hujjar neman sarautar Ingila.

Sai dai ni ban saki jiki da dangantakar Rollo da Rognvald ba. An rubuta labaran Ayislan wajen shekara ɗari uku bayan abin ya faru, lokacin da jikokin Rollo suka riga suka zama sarakuna, kowa na son ya ce nasa ne. Dudo, malamin coci da ya rubuta tarihin gidan a fadar Normandi tun zamanin su Richard, cewa ya yi Rollo daga Denmak yake. Shi ma ɗin abincin fada yake ci, yabon iyayen gidansa yake yi.

Da magariba ta gabato Kawu ya tambaya, "To ba a gwada jini ba, tun da yanzu an iya?" An gwada. A 2016 masu bincike suka buɗe akwatin dutse a garin Fécamp na Normandi, inda ake cewa Richard na Ɗaya da na Biyu suke kwance, don su gane ko Norwe ce ko Denmak. Gwaji ya nuna ƙasusuwan na wasu mutane ne daban da suka mutu tun kafin a haifi Rollo kansa. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce in naɗe takardata an kira salla.