Dajiyar bargon ƙyallaye da bayas ɗin kasuwa

Bargo daga baki yake fara mutuwa. Nan ake kamawa a ja zuwa wuya, nan yake shafar ƙasa, nan kuma yake shan murza ranar wanki. A Jos abin ya fi tsanani, domin garin yana bisa tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma daga Nuwamba har Fabrairu babu mai kwana ba rufa. Bargon da a Kano zai yi wata goma a ninke cikin akwati, a nan kullum yana bakin aiki, har da damina. Shi ya sa da na gama haɗa wa mahaifiyata bargon ƙyallayen atamfa, bakin ne ya fi tsaya mini a rai.

Bargon hawa uku ne: ƙyallayen da suka rage daga ɗinkunan salla a sama, fiba marar kauri a tsakiya, yadin auduga a baya. Faɗinsa inci 60, tsawonsa 80. Gwaggona, wadda a hannunta na koyi taka keke, so ta yi in yanka bayas da kaina, wato siririn ƙyallen da ake naɗe bakin yadi da shi. Ta ce, "Ke 'yar nan, wadda ta iya haɗa wannan uban ƙyalle ai ba za ta rasa yanka abin dajiya ba." Tana da hujja. Wanda aka yanka a gida ana ninka shi biyu kafin a ɗora, sai ya rufe bakin riɓi biyu, na kasuwa kuwa riɓi ɗaya ne. Amma bayas a karkace ake yanka shi, digiri 45 daga zaren saƙar, kuma irin wannan yanka yana son babban yadi. Ni ƙyallaye gare ni, mafi girmansu bai wuce tafin hannu biyu ba. Na ce mata, "Gwaggo, a bar ni in gwada na kasuwa, in bai yi ba sai in warware."

Karkacewar nan ita ce amfaninsa. Yadin da aka yanka a miƙe, zare ɗaya ko biyu ne ke bin tsawon ninkin, idan suka cinye sai bakin ya tsage daga wannan kusurwa har waccan. A bayas kuwa zaruruwan ƙetare ninkin suke yi, gogewar ta rarrabu a kansu, ko ya huje a wuri ɗaya ba ya zarcewa.

Na shiga Terminus a tsakiyar Jos, inda masu kayan ɗinki suka bazu a shagunan kewaye tun gobarar babbar kasuwa ta 2002. Kafin in fita gida na haɗa guntun hawa ukun nan na ɗinke, na jefa a jaka, kuma wannan guntu ya fi tef amfani a ranar. Mai shagon ya miƙo mini siririn bayas na rabin inci, ya ce, "Hajiya, wannan ne teloli suke saye." Gaskiyarsa, na wuyan riga ne da hammata. Da na lanƙwasa shi a bakin guntun, sai kaurin ya cinye faɗin, ko ɗinki ba zai kama ba. Na ɗauki mafi faɗin da ke shagon, inci ɗaya da rabi. Na kuma bar mai sheƙi na satin duk da kyansa, domin santsi gare shi a ƙarƙashin allura, ga shi ba ya jure wanki kamar mai auduga. Lissafin ba wuya: kewayen bargon inci 280, a ƙara 12 na haɗi da kusurwoyi, ya zama 292, wato yadi takwas da 'yan kai. Na sayi goma, duk daga nadi ɗaya, don launi ɗaya kan bambanta daga wannan nadi zuwa wancan.

Shuɗi mai duhu na zaɓa, saboda haka na yanki ɗan guntu na jiƙa, na goga a farin ƙyalle in ga ko zai zuba. Bai zuba ba. Ban wanke sauran ba don kada karin ninkin ya ɓace, sai dai na bi shi da dutsen guga da jiƙaƙƙen hankici, in zai ja ya ja tun yanzu.

Sai gyaran bakin bargon kansa. Na shimfiɗa shi a tsakar ɗaki, na datse fiba da yadin baya daidai da saman, sannan na zagaye shi da ɗinki dab da baki don hawa ukun su zama abu guda. Mai gaggawa yana tsallake wannan, ni kuwa ba zan ba kowa shawarar tsallakewa ba.

Teloli kan cusa bakin yadi cikin bayas su bi da ɗinki ɗaya, kuma a wuyan riga hakan yana tafiya. A yadi takwas na abu mai kauri, ɓangaren ƙasa zamewa yake yi ba ka gani. Ni sau biyu na bi. Bayas ɗin kasuwa da ninki yake zuwa a gefensa biyu, sai na buɗe ninki ɗaya, na daidaita bakinsa da bakin bargon ta fuska, na ɗinka cikin karin ninkin. Na fara daga tsakiyar dogon gefe, na bar jela kamar inci takwas ba a ɗinke ba. Kekena Butterfly ce ta ƙafa, sai na sassauta notin da ke saman kanta don ƙafar da ke danne yadi ta rage matsi, na sa allura mai lamba 16, na ƙara tsawon ɗinki. Teburi na jawo ta hagu ya ɗauki nauyin bargon.

Abin da ya fi komai a aikin nan shi ne hannu ya bar bayas ya kwanta da kansa. Yana miƙewa kamar roba, kuma hannu yana son ja don ya ga ya yi sumul. Idan aka ja, bayan ɗinki sai ya koma yadda yake, ya tattare bakin kamar bakin jakar zuge, bargon ya ƙi kwanciya a gado, kuma babu gugar da za ta gyara. Ina ɗora shi tafin hannu ɗaya, in taka, in tsaya, in sake ɗorawa.

Kusurwa ita ce inda ake gane hannu. Ɗinkina yana nesa da baki rabin inci, don haka da ya rage rabin inci in kai ƙarshe sai in tsaya, in ɗaure zaren, in zaro bargon. In ɗaga bayas sama ya yi karkataccen ninki da ya nufi tsinin kusurwar, in danne da ɗan yatsa, in sake dawo da shi ƙasa ya bi sabon gefen, ninkinsa na sama daidai da bakin da na baro. Ƙarƙashi za a ji ɗan kunne mai kusurwa uku. A bar shi, kada ɗinki ya hau kansa ta gefen farko. Daga can sama ake fara sabon layi. Lokacin da aka juya bayas zuwa baya, wannan kunnen ne yake buɗewa ya zama tsaga mai kyau a karkace, sai a yi irinta ta baya da yatsa, a kama da 'yan ɗinki uku na hannu. Inda jelolin biyu suka haɗu ma a karkace na haɗa su, na buɗe ɗinkin da guga, don kaurin kada ya taru wuri ɗaya.

Bayan bargon kuwa da hannu na yi. Na juya bayas ya rufe layin keken, na kama da fegin shanya maimakon fil, na bi da ɓoyayyen ɗinki, allura tana ɗaukar yadin baya kawai ba ta ɓulla ta fuska. Ya ci maraice da yawa, bargon a kan cinyata. Dalilina shi ne maganar Gwaggo ta riɓi ɗaya: wannan bayas zai riga bargon tsufa. Ɗinkin hannu yana warwaruwa ba tare da ya ɓata atamfa ba, sai a cire a ɗora sabo. Ragowar da ta saura na naɗe na ba Inna ta ajiye, na kuma roƙi ƙanwata da ke mata wanki ta daina murɗe bakin, ta matse kawai ta shanya a ninke bisa igiya.

Gwaggo ta juya kusurwoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta ce sun zauna, amma har yanzu tana kan bakanta cewa na gida ya fi ƙarko. Ban musa ba. Na jaririn da ƙanwata ke jira kuwa ba zan yi masa tsini ba sam. Faranti zan kifa a kowace kusurwa in zana in datse, tunda bayas yana bin lanƙwasa ba tare da ninki ba, kuma bargon jariri kusan kullum yana cikin ruwan wanki.