Na hau, na sauko lafiya: godiya gare ku

Alhamdu lillahi, na dawo gida daga hawan dutse. Ƙafafuna a kumbure suke, amma raina fari tas. Waɗanda suka bi ni tun ranar da likita ta ce hawan jinina ya daidaita, zan iya fara atisaye, kun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kai ka riƙa tashina da sassafe muna hawa bene muna saukowa, kana ce mini, "In kin kasa magana kina hawa, kin wuce ƙarfinki, rage sauri." Kai ka dage sai na koyi saukowa a hankali, don a nan ne gwiwa ke ɗaukar nauyi, naman cinya kuma na ta aikin riƙe jiki. Likita ta ce ciwon jiki yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan hawan. Yau ina cikinsa, kuma ban damu ba.

Amma akwai wata baiwar Allah. Inda matakalar dutsen ta miƙe tsaye ta ƙuntace, na leƙa ƙasa, jiri ya ɗebe ni, ƙafafuna suka ɗauki rawa. Na durƙushe a kan mataki, mutane na ratse ni suna wucewa. Ita saukowa take yi, ta riga ta gama nata. Ta zauna a gabana ta tare mini ramin da jikinta, ta riƙe hannuna, ta nuna mini in ja numfashi ta hanci in sake shi ta baki. Ba ma jin yaren juna. Da na miƙe, sai ta juya ta sake hawa tare da ni har sama, inda na ga kwari da gajimare a ƙarƙashina, na fashe da kuka. Ban san sunanta ba. Allah Ka san ta. Ka riƙe hannunta ranar da take neman mai riƙewa, Ka ba ta lafiyar ƙafa har tsufanta, Ka shirya mata zuri'a.

'Yan uwan da suka yi alkawarin rakiya, ranar ta zo wayoyinsu a kashe, abin ya tsaya mini a rai. Allah Ya sa lafiya.

Ƙanwata da ta wuni a gindin dutse tana jirana, Allah Ya yi miki albarka. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, barci ne ya kwashe ni. Zan neme ku ɗaya bayan ɗaya.