Talata: buɗe tankin rarraba mai na biyu

Ƙarfe tara da rabi na dare.

Yau muka buɗe tanki na biyu, wanda ke raba ɗanyen mai da ruwa da iskar gas. Kwana uku ke nan da tsayar da shi. An toshe duk bututun shiga da na fita da faifan ƙarfe, an kori gas ɗin ciki da naitrojin, sannan aka kori naitrojin ɗin da iska. Abin da ya rage shi ne kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa da ɓawon da ya manne a bango, kuma nan ne NORM ke zama, wato sinadaran da ke fitar da radiyeshin waɗanda suka taso daga ƙarƙashin ƙasa tare da mai.

Ƙarfe shida na safe na fara da mitoci. Guda uku ne, kowace da aikinta: mai neman gama (nau'in radiyeshin mai ratsa ƙarfe), mai auna yawan abin da jiki ke ɗauka a awa, da mai faffaɗan kai ta duba fata da tufafi da cikin ƙarfe. Na duba batir, na duba ranar da aka daidaita kowace, na kara su da ɗan ƙaramin ma'aunin gwaji don in ga sun amsa yadda suka saba. Mai faffaɗan kan tagarta siririya ce ƙwarai, tsinke ma yana huda ta, don haka ita na fi daɗewa a kai. Biyu daga cikin mitocin ba irin waɗanda aka ƙera don wurin gas ba ne, sai da aka rubuta su a takardar izinin aiki kafin su shiga.

Sai awon wuri mai tsabta, can nesa da injuna: maikrosibat 0.09 a awa (maikrosibat ma'aunin radiyeshin da jiki ke ɗauka ne). Wanda bai auna wannan ba, duk lambar da ya samu a jikin tanki ba ta da abin kwatantawa. Ƙa'idar aikinmu ita ce duk abin da ya ninka wannan sau biyu a ɗauke shi mai NORM har sai gwaji ya wanke shi.

Na zaga tankin da mita, tazarar kamar santimita 1 daga ƙarfe, a hankali, don mitar tana bukatar daƙiƙoƙi kafin ta daidaita. Sama babu abin faɗa. Daga tsakiya ta fara hawa, a ƙasa kusa da mafitar ruwa ta kai 3.5, a jikin bawul ɗin da ke sakin ruwan kuma 6. Hakan nake tsammani. Radiyam, sinadarin NORM da ke cikin ɓawon nan, abokin ruwa ne, ba na mai ba. Yuraniyam-238 da toriyam-232 suna nan zaune cikin dutse, ba sa narkewa su biyo ruwa, amma 'ya'yansu, wato sinadaran da suke rikiɗewa su zama, radiyam-226 da radiyam-228 suna narkewa a ruwan gishirin da ke tare da man. Da ruwan ya hau sama, zafi da matsi suka sauka, sai bariyam da sitirontiyam su haɗu da salfet su daskare, radiyam kuma ya shige cikinsu domin halinsu ɗaya. Rijiyar da ake tura wa ruwan teku ta fi yin wannan ɓawo, saboda ruwan teku cike yake da salfet, ruwan ƙasa kuma cike da bariyam. Shi ya sa ake neman sa a gwiwar bututu, bakin bawul, famfo, duk inda ruwa ke sauya gudu ko matsi. Radiyam-228 yana raguwa da rabi cikin shekara 5.75. Radiyam-226 kuwa sai shekara 1600.

A taron safe, ɗaya daga cikin masu shiga ya ce, "Oga, ai wannan lambar ba ta kai a sa mana duk waɗannan kaya ba." Tambayar tana kan hanya, kuma na yi masa lissafin a gaban kowa. Ko da mutum ya yi awa 3 inda mita ke nuna 6, abin da ya ɗauka maikrosibat 18 ne. Iyakar ma'aikaci a ƙa'idar hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, milisibat 20 ce a shekara, wato maikrosibat 20,000, a matsakaicin shekara biyar, ba tare da an wuce 50 a shekara guda ba. To daga waje kam abin kaɗan ne. Amma mitar nan gama kawai take ji, wanda ke ratsa ƙarfe. Alfa, wani nau'in radiyeshin da radiyam ke fitarwa, ba ya ratsa ko takarda, bajon awon radiyeshin da ke rataye a ƙirji ma bai san da shi ba. Idan ɓawon ya bushe ya zama ƙura aka shaƙe shi, ya samu masauki a huhu ba tare da wani shamaki tsakaninsa da nama ba, kuma a lissafin illa ana ninka alfa sau 20 a kan gama. Wanda ya shiga jini kuma jiki yana ɗaukar sa kamar kalsiyam, ya kai shi ƙashi. Kayan nan ba don lambar da ke kan mita aka sa su ba, don ƙurar da mita ba za ta gani ba ne sai bayan ta shiga.

Shirya wurin ya ci awa ɗaya da rabi, ban kuma yarda a gaggauta ba. Leda mai kauri ninki biyu a ƙasa, an naɗe gefenta sama a kan katako don ruwa kada ya gangara. Igiya kewaye, da alamar radiyeshin ta kowane gefe. Ƙofa ɗaya tak, da benci a gicciye: wannan gefe datti, wancan tsabta. Duro biyu a bakin benci, ɗaya na kayan sawa da aka yi amfani da su, ɗaya na tsumma. Ruwan wanke hannu da fuska yana zuba cikin bokiti, ba cikin kwata ba.

Kafin maganar radiyam akwai abin da ya fi shi gaggawar kisa. An sassauta kusoshin ƙofar tanki, aka auna iskar ciki a sama da tsakiya da ƙasa: iskar shaƙa kashi 20.9, gas mai kamawa sifili, gas mai guba haidrojin salfaid sifili. Sifilin nan na ƙarshe ba a amince masa, domin laka tana riƙe gas ɗin, da shebur ya motsa ta sai ya taso. Don haka masu shiga ciki da iskar tiyo suka shiga, kowa da ƙaramar kwalbar tsira a ƙugu, mai gadin ƙofa kuma bai matsa ko taku ɗaya ba. Na waje masu karɓar bokiti takunkumi mai matatar P3, mai tare ƙura mai laushi, suka sa. Mutum ɗaya yana da gemu, takunkumin ba zai kama fuskarsa ba, iska za ta bi ta gefe da ƙurarta, sai aka ba shi hular da ke da injin hura iska. Wani kuma yana da ɗan yanka a yatsa, aka rufe da filasta mai hana ruwa kafin safar hannu. Safa biyu kowa, an naɗe bakin ta waje da salatif a hannun riga.

Lakar ta kai kamar santimita 30 a ƙasa, baƙa, mai yauƙi. Ɓawon bango launin toka-toka ne mai ratsin ruwan ƙasa, kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, amma tauri kamar tangaran, kuma bariyam salfet ba ya jin asid ɗin da ke narkar da ɓawon kabonet. A ciki mita ta nuna 9 a kan laka. Dokar wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, tana sa a killace wuri a matsayin mai tsananin kulawa daga 7.5, mu ma haka muka ɗauki cikin tankin. Mutum biyu-biyu, minti 40, a sauya. Zafin rigar leda ne ya yanke wannan lokaci, ba radiyeshin ba.

Wajen ƙarfe ɗaya saura aka samu matsala. Famfon da ke ba tiyon yayyafi ruwa ya tsaya, masu aiki kuma suka ci gaba da miƙo bokiti, don ba wanda ke son aiki ya tsaya a hannunsa. Cikin minti ashirin lakar da ta ɗiga a kan leda ta fara yin fari-fari a gefe, takalma na taka ta tana zama gari. Na tsayar da komai, na fito da na ciki. Bushewar nan haɗarinta biyu ne. Na farko ƙurar. Na biyu, lakar irin wannan tanki kan ƙunshi ƙarfen salfaid, wanda idan ya bushe ya sha iska yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta. Aka jiƙa wurin da bokiti a hankali, ba da ƙarfin ruwa ba don kada ya fantsama, aka goge da jiƙaƙƙen tsumma, aka shimfiɗa sabuwar leda a kai. Tsintsiya ba ta shiga wurin nan, iskar kwamfuresa ma haka. Laifin na tsarin ne: takardar izini ta ce a riƙa jiƙawa, amma ba ta ce idan ruwa ya yanke aiki ya tsaya ba. Na ƙara wannan layi da hannuna, kowa ya sake sa hannu. Minti 50 muka rasa.

Mai walda ya zo da la'asar yana so ya gurje bakin bawul ɗin nan mai 6 da injin gurza. Na hana. Gurza da yanka da wuta su ne suka fi komai mayar da ɓawo ƙura mai laushin da ke kaiwa can cikin huhu. Aka kwance bawul ɗin ɗungurungum, aka rufe bakinsa biyu da murfin roba, aka naɗe da leda, aka rubuta lamba da awo a jiki. Zai tafi inda ake wanke irinsa da ruwa mai matsi a rufaffen ɗaki. Bai kamata ya bi tarkacen ƙarfe ba ko da wasa, don masana'antun narka ƙarfe da yawa suna da na'urar awo a ƙofa, mota guda za a mayar saboda shi, inda babu na'urar kuma masu yanka ne za su shaƙa.

Fita ita ce inda gajiya ke sa a yi sakaci, shi ya sa ni da kaina nake tsayawa a benci. A wanke takalmi, a cire salatif da safar waje, a naɗe riga daga ciki zuwa waje, a zauna a benci a zare ƙafa a tsallaka, takunkumi ya zama kusan na ƙarshe, sannan safar ciki. Sai awo: tafin hannu da bayansa, wuya, gefen fuska, gwiwa, tafin ƙafa. Mutum ɗaya mita ta yi ƙara a wuyan hannunsa, inda salatif ya saki. Sabulu da ruwa mai ɗumi, ba a dirje da ƙarfi ba don kada fata ta buɗe, a wanki na biyu ya koma daidai. An rubuta. Babu mai shan ruwa ko taba, ko taɓa waya, sai bayan wannan.

Na kuma leƙa ɓangaren gas, domin gobe za a buɗe famfon furofen, kuma wani ya riga ya rubuta cewa mita ba ta nuna komai a jikinsa ba. Ba za ta nuna ba. Radon-222 gas ne da radiyam-226 ke haifarwa, yana bin iskar itan da furofen saboda ma'aunin tafasarsa yana tsakanin nasu. Rabin ransa, wato lokacin da yake ɗauka ya ragu da rabi, kwana 3.8 ne, 'ya'yansa masu fitar da gama mai ƙarfi kuma ba sa wuce minti 20 zuwa 27, don haka awa uku ko huɗu bayan an tsayar da layi alamar waje ta ɓace. Abin da ya rage a ciki dalma-210 ce, mai shekara 22, da foloniyam-210, mai kwana 138, a matsayin siririn shafi da ido ba ya gani, ko cikin baƙar hodar matata. Gaman dalma-210 mai rauni ne, bangon ƙarfe yana tare shi. Layin gas ana auna shi daga waje ne yana kan aiki, idan an buɗe kuma a auna cikinsa da mai faffaɗan kai da mai jin alfa. Na soke wancan rubutu, famfon zai buɗe da cikakken shirin NORM.

Duro 14 muka cika, masu lita 200, kowanne da ɗan ruwa a saman laka, an bar sarari a sama, an ɗaure murfi, an goge jiki, an auna a jikinsa da kuma tazarar mita 1. Samfur shida sun tafi ɗakin gwaji, uku laka, uku ɓawo. Sakamako zai ɗauki lokaci, don sai an rufe samfurin ruf na mako uku zuwa huɗu radon ya taru ya daidaita da radiyam-226 kafin a ƙirga. Ma'aunin IAEA bekarel 1 ne a kowane giram (bekarel ma'aunin ƙarfin radiyeshin da ke cikin abu ne), ƙasa da shi ana iya sakin abu daga kulawa, ɓawo kuwa an taɓa samun wanda ya kai dubbai. Har sakamakon ya zo durukan suna killace a kan daɓe mai gefe, a kulle.

Saura kusan kashi ɗaya cikin uku na lakar. An malala ruwa ya rufe ta, an mayar da ƙofar tanki da kusoshi huɗu. Na nemi a kawo famfon ruwa na biyu ya tsaya a gefe kafin ƙarfe shida, da ƙarin matatar P3, don saura kwali ɗaya.