Kafin ka zuba wa dodon koɗin tankinka magani, tsaya ka ji

Jama'a assalamu alaikum. Duk mai ajiye kifin ado a gida a nan Jidda ko Makka, in dai yana sa ciyawa mai rai a tankinsa, toh ko ba jima ko ba daɗe sai ya wayi gari ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin dodon koɗi suna rarrafe a jikin gilashi, alhali shi dai ya san bai saya ba kuma ba wanda ya ba shi. Kafin wata ya zagayo ya daina ƙirga su. Daga nan hankali ya tashi, mutum ya ruga shagon kifi, mai shago kuma ya miƙo masa 'yar kwalba yace ɗiga wannan kawai, kalas. Wannan kwalbar ce nake roƙonku don Allah ku dakata da ita, wallahi na ga tankunan da ta lalata kuma abin yana min ciwo, kifin da yara suka shaƙu da shi shekara da shekaru a wayi gari yana yawo a saman ruwa ciki a sama.

Shigowarsu ba wani abin mamaki bane, a jikin ciyawa suke zuwa, ko a cikin ruwan ledar da aka ƙulla maka kifi, ko a tsakuwar da abokinka ya ɗebo maka daga tankinsa. Yawanci ma ba dodon kake shigowa da shi ba, ƙwansa ne. Ka ɗauki ganye ka juya bayansa a gaban fitilar waya, zaka ga wani ɗan dunƙule mai yauƙi garai-garai kamar an ɗiga majina, a cikinsa akwai ɗigo-ɗigo farare, toh kowane ɗigo dodo ne, kuma a ɗumin tankunanmu sati ɗaya zuwa biyu ya ishe su ƙyanƙyashewa.

Kala uku ne suka fi damun mutane. Akwai ɗan ƙaramin nan mai ruwan ƙasa da ake kira Physa, baya wuce santimita ɗaya da ɗoriya, sauri gare shi, wani lokacin ma zaka gan shi a kife yana tafiya a ƙarƙashin fuskar ruwa. In ka riƙe shi tsininsa na kallon sama bakinsa na kallonka, zaka ga bakin ta hagu yake, da haka ake gane shi. Shi wannan mata-maza ne, guda ɗaya tal in ya shigo zai iya cika maka tanki ba sai ya samu abokin tarayya ba. Akwai ƙahon rago, wanda katantanwarsa take a naɗe a baje, wani ja wani ruwan ƙasa. Sai na ukun, dogon nan mai tsini da 'yan harkar suke ce wa ɗan Malesiya, sunansa a littafi Melanoides tuberculata, shi kuma baya ajiye ƙwai a ganye, 'ya'ya yake haifa rayayyu, macen bata buƙatar namiji, da rana yana binne a yashi sai dare yake fitowa. Shi yasa mutum zai rantse bashi da su, amma in ya tashi sallar asuba ya haska tankin sai ya ga gilashin ya yi baƙi.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, dodon koɗi baya yawa sai da abinci. In sun cika maka tanki toh akwai abincin da yake ragewa a ƙasa, ba wata magana. Kuma gidajenmu an san su, gidan yawa ne, maigida zai watsa wa kifi abinci kafin ya fita aiki, uwargida ta wuce ta ga suna buɗe baki a gaban gilashi tace wayyo yunwa suke ji ta ƙara musu, yara su dawo daga madarasa kowa sai ya sa nasa, baƙo ma in ya zo sai an ba shi gwangwanin ya gwada. Kifin da cikinsa bai kai ƙwayar wake ba ina zai kai wannan duka? Ragowar sai ta nutse ta shige tsakanin tsakuwa, ta haɗu da kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye, dodo kuma ya samu abin da yake so ya yi ta haihuwa. Ga kuma zafin garin nan, lokacin bazara in aka kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, aka fita sai ruwan da ya kamata ya tsaya wajen digiri 25 ko 26 ya haura 30, abinci ya fi saurin ruɓewa su kuma su fi saurin hayayyafa.

Don haka gyaran daga hannu yake farawa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da abinci a gidan, a ajiye gwangwanin inda hannun yara baya kai, in kuma ana so su sa hannu (ni ina so, yana koya musu tausayin dabba) sai a auna musu su zuba a gaban babba. Abin da kifi zai cinye cikin minti 2 shi ne ƙa'ida, in ka ga yana sauka ƙasa ba mai bin sa ya yi yawa. Rana ɗaya a sati ka bar su ba abinci, lafiyayyen babban kifi ba abin da zai same shi. Sannan duk sati ka sa tiyo ka zuƙe ƙasan tsakuwar kana zubarwa a bokiti, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, zaka ga baƙin dattin da yake fitowa ka yi mamaki, ka tsinke ganyen da ya yi rawaya ka fitar. Ruwan da zaka mayar kar ka ɗebo shi da tsakar rana, na tankin saman bene a watan Yuli ko hannu baya iya zama a ciki, ka tara shi a bokiti ya huce ka ɗiga masa maganin kulorin tukunna.

Waɗanda suka riga suka cika kuma, tarko. Ka yanka kokwamba ko kusa (kayan miyar nan mai kama da kokwamba) ko ka samu ganyen latas, ka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa ya yi laushi, ka soke shi da cokali mai yatsu don ya nutse, ka ajiye a kusurwar tanki bayan isha'i ka kashe fitila. Da asuba kafin haske ya shigo ka ɗago shi a hankali da 'yar raga a ƙarƙashi, zaka same shi ya yi dam da su har ba ka ganin korensa. Ka maimaita dare bayan dare har su ragu, kar dai ka bar kokwambar ta wuni a ciki. Ƙwan da yake jikin gilashi kuma tsohon katin banki ya isa, ka kankare ka fitar waje.

Ga wani abu da bana so a raina. Waɗanda ka kwaso kar ka juye su da rai a bayi ko a magudanar ruwa, kar kuma ka watsar a baranda rana ta gasa su a hankali. Hadisi ne sananne cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Ka murƙushe su lokaci guda da bayan cokali, kifinka ma zasu cinye naman da murna, ko ka tambaya cikin 'yan uwa masu harkar, mai kifin da yake cin dodo har godiya zai maka.

Mu dawo kan kwalbar. Yawancin magungunan kashe dodon koɗi jan ƙarfe ne a cikinsu, ka duba jikin kwalbar zaka ga an rubuta nuhas ko Cu. Yana kashe su kam, amma baya tambaya, jatan lande ɗinka na ado zai tafi, kifaye marasa ɓawo irin dangin tarwaɗa suma basa jure masa, kuma yana maƙalewa a tsakuwa ya daɗe. Ga wani abin da ya shafe mu musamman, jan ƙarfe ya fi dafi a ruwan da ba gishirin ma'adinai sosai, mu kuwa yawancin ruwanmu na tahliya ne wanda aka tace daga teku, wasu ma na jarka suke sayowa su zuba, don haka awon da aka rubuta a kwalba zai iya yi wa tankinka yawa. Ko da ma kifin ya tsallake maganin, ɗaruruwan dodo sun mutu a lokaci guda a cikin yashi inda hannunka baya kai, su ruɓe, amoniya, gubar da ruɓa take saki a ruwa, ta tashi, ita ce take ƙarasa kifin. Shi kuwa ɗan Malesiya yana da murfi a bakin katantanwarsa, sai ya rufe ƙofa ya nutse, bayan sati ka gan shi ya fito garau.

Wasu kuma sai su ce a sayo mai cinye su. In dai za a yi haka ni Clea helena nake ba da shawara, wani dodon koɗi ne daga kudu maso gabashin Asiya mai ratsin rawaya da baƙi, farautar 'yan uwansa yake yi, a hankali yake aikinsa kuma baya cika tanki don shi sai da mace da namiji kuma haihuwarsa kaɗan-kaɗan ce. 'Yan ƙalilan sun isa tanki mai lita 100, sai dai haƙuri, aikin watanni ne. Amma kifin nan mai ratsin lemo da baƙi na Indunusiya da ake ce wa botiya, da masu shago suke saurin nunawa, a shago ɗan yatsa ne, in ya girma yana kai santimita 30 kuma a garke yake rayuwa, zalunci ne a kulle shi shi kaɗai a ƙaramin tanki saboda dodo. Ɗan ƙaramin kifin nan mai kumbura na Kerala a Indiya shima gwani ne wajen cin su, amma yana cizon jelar sauran kifaye, gara a ba shi tankinsa daban.

Kwanakin baya Kawuna ya zo umara daga Mai Wurno, can kusa da Sinnar a Sudan, ya sauka a wurinmu. Yana ganin ƙaramin ɗana ya tsoma hannu a tanki yana kamo dodo sai ya daka masa tsawa, ya juyo gare ni yace "Ɗana, wannan abin ka ajiye a ɗaki? Shi ne fa yake sa wa yaranmu fitsarin jini." Nace Kawu Allah ya ƙara girma, tsoronka a kan hanya yake. Don wanda ya tashi a bakin magudanan ruwan Jazira, da suke shayar da gonaki tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ya san tsargiya ba a labari ba. Kuma idonsa bai yi ƙarya ba, dodon da ake kira Bulinus mai ɗaukar tsargiyar mafitsara yana kama da Physa sosai har bakinsa ma ta hagu yake, Biomphalaria mai ɗaukar ta hanji kuma dangin ƙahon rago ne. Sai dai cutar ba a jikin dodo take tsirowa ba, sai fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin irin dodon da ya dace da shi, sannan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Dodon da aka haifa a tankin falo bai bi ta wannan hanyar ba. Amma maganar Kawu ta sa dole in faɗa da babbar murya, 'yan uwa na Sudan da na wajen Jizan, kar wanda ya ɗebo ciyawa ko yashi ko dodo daga magudana ko kududdufi ya zuba a tankin gida wai don kyauta ne. Wanda kuma ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti, maganinta praziquantel yana nan.

Ni a tankina ban ƙarar da su ba kuma bana niyya. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage suna cin gansakuka da mataccen ganye, lafiyayyen ganye ba kasafai suke taɓawa ba, ɗan Malesiya yana juya yashi kar ya dunƙule ya yi wari. Kuma suna ba ni labari, in na ga sun ƙaru na san wani ya fara sakin hannu da abinci, in na ga 'yan Malesiya sun fito da tsakar rana suna tururuwa zuwa saman gilashi na san iska ta yi ƙaranci ko ruwa ya ɓaci, sai in duba filta nan take in canza ruwa. In katantanwarsu ta fara fari tana zaizayewa, ruwan ne bashi da isasshen kalsiyam, ma'adinin da yake gina katantanwa. Wanda yake son mai share gilashi amma baya son haihuwa ya nemi dodon koɗin da ake kira Nerite, yana ɗiga fararen ƙwai amma 'ya'yansa basa tashi a ruwan daɗi.

Sabuwar ciyawa kuwa kar ta wuce daga leda zuwa tanki kai tsaye. Ka sa ta a bokiti daban kusa da haske sati 2 zuwa 3 kana duba bayan ganye, ko ka jiƙa ta a ruwan alif, wanda masu attara, wato shagon kayan ƙamshi, suke sayarwa da sunan shabba, cokalin cin abinci ɗaya a lita 4 na kwana 2, sannan ka ɗauraye sosai, sai dai ciyawa mai laushin ganye tana iya jin jiki don haka ka fara gwadawa da reshe ɗaya. Masu tafiya gida hutu kuma, kar ku miƙa wa harisu mai gadin gida ko maƙwabci gwangwanin abinci gaba ɗaya, ku samu robar nan ta ajiye ƙwayar magani mai gida bakwai ku auna na kowace rana a ciki, sauran ku kulle a durowa.