Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lahadin da Ba a Cin Kasuwa

A makon jiya na tsaya a inda na sauka birnin Stuttgart da ke kudancin Jamus, a farkon watan Oktoba na 2018, domin yin zangon karatu guda a Jami'ar Hohenheim a ƙarƙashin shirin musayar ɗaliban aikin gona. Yau kuma, ina zaune a zauren gidanmu iskar hunturu tana kaɗawa, ranakun Asabar da Lahadi na can nake son in ba da labarinsu, domin daga Litinin zuwa Juma'a aji da ɗakin gwaje-gwaje sukan ɗebe mini kewa, amma waɗannan kwanaki biyu su ne suka gwada haƙurina.

A ƙauyenmu na yankin Taura ba mu tashi da sanin wani abu wai shi hutun ƙarshen mako ba. Manomi da kasuwanni yake ƙirga kwanakinsa, Alhamis ta Maigatari, Lahadi ta Gujungu, Juma'a kuwa ta masallaci ce da zumunci. Tun ina ƙarami Lahadi ita ce ranar da ta fi kowace hayaniya a wurina, domin tun da asuba ake ɗaura wa shanu amalanke, a loda buhunan gero da riɗi da zoɓo, a kama hanya, kafin hantsi kuma ka iske dillalai da masu awo suna ta ciniki da rantse-rantse. Da wannan tunani na fita neman shinkafa da mai a Lahadina ta farko a unguwar Plieningen, sai na tarar da kowane kanti a kulle, titi fayau, ba abin da ake ji sai ƙararrawar coci. Daga baya na fahimci cewa doka ce ta hana buɗe kantuna a ranar, in ban da gidajen mai da wasu masu gasa burodi da safe da shagunan babbar tashar jirgin ƙasa. A ranar, ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙulle mini a leda da ruwan shayi su ne kalacina, su ne abincin darena, kuma ban taɓa jin nisan gida kamar yadda na ji shi a wannan yammaci ba.

Ɗaki nake haya a gidan wata dattijuwa da ta haura shekara 70, ita ce kuma ta koya mini yadda ake tsara mako a can. A ƙofar ɗakina ta rataye wani ɗan allo mai rubutun Kehrwoche, wato makon shara, al'adar da mutanen yankin suka daɗe suna ji da ita: duk wanda allon ya zo ƙofarsa, shi zai share matakala ya goge ta, ya share gefen titin da ke gaban gida, ya kwashe ganyayen da bishiyoyi ke zubarwa a lokacin kaka. Da farko abin ya yi mini nauyi a zuciya, domin a gida shara aikin mata ne da yara, amma da na ga maƙwabcinmu, dattijo mai furfura, ya durƙusa yana tsince ciyawar da ta tsiro tsakanin duwatsun daɓe, sai na ɗauki tsintsiyata ba tare da wani ƙorafi ba. Har yau ina ganin da layinmu zai ɗauki wannan tsari, da kwatocinmu ba su riƙa toshewa duk damina ba.

In na gama shara ranar Asabar, sai in tattara robobin ruwa in mayar kanti, inda na'ura take biyan santi 25, wato rubu'in Yuro, a kan kowace guda, in wuce shagunan Turkawa in sayi naman halal da garin alkama mai tsaki-tsaki wanda da shi nake tuƙa tuwo. Kuka da daddawar da na zo da su da ƙaramin cokali nake aunawa, don kada su ƙare kafin in dawo.

Abin da ya sauya mini Lahadi shi ne wani yawo da na yi saboda zaman ɗaki ya ishe ni. Na bi ta gonakin filin Filder da ke kewaye da unguwar, inda ake noma wani irin kabeji mai tsinin kai kamar malafa, wanda ake yankawa sala-sala a barbaɗa masa gishiri a danne shi a mazubi har ya yi tsami, a ci shi tsawon lokacin sanyi, kamar dai yadda matanmu suke shanya kuɓewa da kauɗar tumatir saboda rani. Daga nan na shiga gidan tarihin aikin gona na Jamus da ke harabar jami'ar, na tsaya a gaban wata tsohuwar garma wadda shanu ke ja. Na daɗe ina kallon mariƙinta na itace, wanda ya yi santsi ya dushe daidai inda tafin hannu ke kamawa, irin santsin da na sani a mariƙin garmar Baba. A nan na san dalilin kafa makarantar da nake karatu a cikinta. A 1815 dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta tare hasken rana har a Turai, a 1816 sanyi da ruwan sama suka lalata amfanin gona, yunwa ta biyo baya, mutane da yawa suka yi ƙaura. Saboda haka ne Sarki Wilhelm na Ɗaya na Württemberg, masarautar da Stuttgart take ciki a lokacin, da matarsa Katharina suka kafa makarantar koyar da noma a Hohenheim a 1818, wato shekara 200 cif kafin zuwana.

A Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogon Jamus baya da awa ɗaya, lokacinsu ya zo daidai da namu, sai dai rana ta fara faɗuwa da wuri, har ta kai a watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba. Saboda haka duk lokacin da na kira gida, ni ina cikin duhu na kunna fitila, su kuwa yanzu suka dawo daga Gujungu da sauran rana. Ƙanena yakan kai wa Baba wayarsa bakin makarantar firamare, inda aka fi samun sabis.

Bayan mun gaisa na tambayi Inna da mutanen gida da yadda riɗi ya yi a kasuwa, sai na ce, "Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, ashe mutanen ƙasar nan ma sun taɓa yin yunwa, har ita ce sanadin gina makarantarmu."

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Ɗanlami, Turawa da yunwa? Ikon Allah." Sannan ya shiga ba ni labarin farin 1973, wanda tun tasowata ban taɓa jin ya buɗe baki a kansa ba: yadda gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, yadda shanun kakana suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har aka sayar da ragowar a kan kuɗin da bai kai na akuya ba, da yadda mata suke tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa don neman ƙwayar hatsi. Yana saurayi a lokacin, ya ce shi da yayansa suka tafi cin rani Kano da ƙafa. Ina riƙe da waya a bakin taga hawaye suna zubo mini, domin sai da na yi tafiyar dubban kilomita sannan na ji abin da ya faru a gidan da aka haife ni.

Kafin mu yi sallama ya ce, "To, tunda sun ga irin abin da muka gani, kada ka tsaya a littafi kawai. Ka je wurin manomansu, ka ga yadda suke riƙon ƙasa da yadda suke ajiyar abinci, ka zo ka faɗa mini."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Da safe na gaya wa mai gidan da nake haya saƙon mahaifina da ɗan Jamusancin da na fara tsinta, ina haɗawa da nuni da hannu. Ta ajiye kofin da take wankewa, ta goge hannunta, ta ce ƙanenta yana da gona da shanun tatsa a wani ƙauye da ke kan tsaunukan kudu da birnin, kuma in har zan iya tashi ƙarfe biyar na asuba cikin wannan sanyi, Asabar mai zuwa za ta kai ni. Abin da na gani a wannan gona, da takalman roba na aro da na shiga turken shanu da su, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.